Gida Mai Ƙofa Shida

Shekara arba'in Mma Fuseina ta yi
a bakin Kejetiya, huhun goro a gabanta,
bakinta kuwa kasuwa ne shi kaɗai.
Da Tonanci take ciniki da matan gari,
da Dagombanci take zagin ɗan dako in ya yar da kaya,
Mosanci na direbobin Wagadugu ne,
Turanci na mai karɓar haraji, ɗan kaɗan, kamar gishiri,
Hausa ta gida, ta faɗa da jikoki.
Na ƙirga biyar. Ta ce shida ne,
ta gyara ɗankwali, ta ƙi faɗin cikon.

Ranar da muka tsinci sidi ashirin a tukunyar koko
dariya muka yi.
Ranar da ta kira ni da sunan kawuna
wanda muka kai makwanci tun ina goye,
ba wanda ya yi.

Likitan yaro ne, bai kai ƙanina ba.
Ya ce wasu masu bincike na ganin
mai harshe da yawa, mantuwa kan yi jinkirin isa ƙofarsa,
wasu kuma sun auna ba su ga haka ba.
Ya ce, ni dai ban yi miki alkawari ba.
A tiro-tiro, hanyar komawa Aboabo,
na yi ta juya maganar kamar tsakuwa a shinkafa:
gida mai ƙofa shida,
ɓarawo ne ya fi samun hanyar shiga
ko mai gida ce ta fi samun hanyar fita?

Ga Baba Gariba maƙwabcinmu, casa'in da ɗoriya,
Hausa ɗaya tilo ya riƙe tun zuwansa Kumasi,
har yau bai manta wanda ya ci bashinsa ba.
To, ina lissafin?

Turanci ne ya fara tafiya. Ba mu yi masa zaman makoki ba.
Mosanci ya bi ruwan bara.
Dagombanci ya watse, ya bar zagin kawai,
shi ma sai ta ga kaza a kan tabarma.

Amma na ga wani abu da idona.
Da safe ta nemi cokali, kalmar ta ɓuya,
ta laluba, ta laluba, leɓe na rawa,
sai ta kewaya ta bayan gida
ta fito ta Tonanci: atere.
Na miƙa mata. Ta harare ni
kamar ni ce na yi nauyin kai.
Shekara nawa ta yi tana wannan kewaye
ba mu sani ba?
Watakila tun tuni ɓarawon yana zaure,
ita kuwa tana fita kasuwa ta wata ƙofa.

Jiya da la'asar wata 'yar dako,
yarinyar arewa, kwano a ka, ta kawo mana doya.
Mma na rera wani abu ƙasa-ƙasa
da muka daɗe muna ɗauka surutun tsufa ne.
Yarinyar ta sauke kwano. Ta durƙusa.
Ta amsa.

Har aka kira magariba suna magana.
Ta ce mana yaren Kasena ne, na wajen Paga,
wai tana tambaya ko an ɗaure awaki,
ko uwarta ta dawo daga rafi.

Ban san ko harsuna sun tsare ta ba.
Na san dai da biyar suka rufe
akwai ɗaya a buɗe, da haske a ciki.
Na ce wa yarinyar ta dawo gobe, ko ba doya.
Na sayi ɗan littafi na sidi biyar.
Kalmar farko da na rubuta:
na'am, an ɗaure su.